Zauren Iyaye: “Ai Fim Ɗin Dariya Ne Kawai”

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu guda suka taru: fina-finan soyayya masu ban dariya, irin waɗanda saurayi ɗan wata ƙasa ko wata ƙabila ne, budurwa 'yar wata, iyaye kuma suna ta kai ruwa rana. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanin maigidana ya dawo daga Kano da wani fim a memori, fassarar Hausa. Wai wani Ba'indiye ne ya je karatu Ingila ya ɗauko Baturiya ya kawo gida, uwarsa ta ce ba dai a gidanta ba. Yarana uku, ƙaramin mai shekara 5, na tsakiya mai 9, da babbar mai 13, sun hana ni sakat sai sun gani. Shi ya ce dariya ce zalla, kuma ya duba a intanet an rubuta 13. In bar su?
Wata uwa daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Garko, Jihar Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman yara, Allah ya raya su. Kada wayar ta shiga hannunsu sai kin gani da idonki, kuma ki sani tun yanzu hukuncin ba zai zama ɗaya a kan su ukun ba.

Bari mu fara sauke lambar nan da ƙanin maigidanki ya dogara da ita. Idan 13 ce mai haruffan PG a gabanta, ta Amurka ce, a 1984 suka fito da ita. Abin da take cewa shi ne iyaye su yi hattara, akwai abin da bai dace da ɗan ƙasa da shekara 13 ba. Ba ta ce ya dace da 'yar shekara 13 a Garko ba. Fim mai wannan lamba yana iya ɗaukar sumba, da shan giya, da saurayi da budurwa su wayi gari a gado ɗaya, muddin ba a nuna tsiraici ƙarara ba. Idan kuma ta Indiya ce, su haruffa suke sawa: U na kowa da kowa, UA na yara da sa idon iyaye, A na manya zalla. Gyaran dokar da suka yi a 2023 ya raba UA gida uku, na shekara 7, da 13, da 16. Hukumar tace fina-finansu ta yi suna wajen sa almakashi a kan ashar da abin gado, amma rawar mace da cibiya a waje a tsakiyar maza ba ta cika ɗaga mata hankali ba. Faransa kuwa fim na kowa da kowa yana iya zuwa da tsiraicin da Amurka za ta ce sai manya. Hukumar tace fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1993, tana da nata: G, PG, 12, 12A, 15 da 18. Kowace kasuwa da irin tiyarta, kuma kowace hukuma da kunyar mutanenta take awo.

Sannan kwafin da ke hannunki wataƙila bai bi ta teburin kowa ba. Hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano tana nan tun 2001, amma hannunta ba zai kai ga kowane memori da ke yawo daga waya zuwa waya ta Xender ba. Fim ɗin Indiya na silima yana farawa da hoton takardar izini, mai ɗauke da harafinsa da tsawonsa, sai dai a yawancin kwafin fassara an datse wurin an liƙa talla. Wanda aka shirya don intanet kai tsaye ma ba ya zuwa gaban hukumar ta Indiya, kamfanin ne yake sa wa kansa lamba. Dogaro da lamba a nan cinikin biri a sama ne.

Sauƙin abin shi ne irin wannan fim girki ne mai sanannen ma'auni. Wanda ya san inda ake zuba yaji ba sai ya cinye tukunya ba. Ki bari yara su yi barci, waya da cikakken caji, ki sa iyafis. A babbar waya za ki yi, don ƙarama mai madannai tana wahalar ja gaba. A ce fim ɗin minti 150 ne, kamar yadda na Indiya suka saba kaiwa. Ki riƙa tsallaka minti biyar-biyar, duk inda kika sauka ki tsaya rabin minti. Sauka 30 ke nan, minti 15 kacal. Wannan zai nuna miki suturar 'yan wasan, da irin wuraren da ake zama, da ko kwalba tana yawan fitowa a kan tebur.

Amma tsallake yana da rami. Sumbar daƙiƙa goma tana iya faɗawa tsakanin sauka biyu ba ki gan ta ba. Saboda haka akwai wurare biyar da za ki koma ki kalla a natse. Na farko, minti goma na buɗewa, inda ake nuna rayuwar jarumi a ƙasar waje kafin ya haɗu da yarinyar. Nan ake saka gidan rawa da tsofaffin 'yan matansa. Na biyu, waƙoƙi. Masu fassara ba sa fassara su, kuma sau da yawa akwai guda da ba ta da alaƙa da labarin, an kawo wata mace daban ta yi rawa don a ja 'yan kallo. Na uku, tsakiyar fim ko gaba kaɗan, bayan sun furta wa juna so. Alamarsa ba ta ɓuya: hayaniya ta lafa, kiɗa ya yi sanyi, su biyu ne kawai, dare ne ko ana ruwa, mai fassara ma ya yi shiru. Idan daga nan aka yanko safiya tana sanye da rigarsa, to an faɗi abin da aka faɗa ko da ba a nuna komai ba. Na huɗu, daren bankwana da gwagwarci kafin biki, wanda a al'adar Turawa dare ne na barasa da shashanci. Na biyar, can ƙarshe lokacin da sunayen ma'aikata suke hawa. Iyaye kan tashi a nan su bar yara, alhali akan ajiye rawar da ta fi kowace fitsara a wurin.

Ido ya gama nasa, saura kunne. Batsar fim ɗin dariya ba a bakin jarumi take ba, shi ana so ya fito da mutunci. A bakin abokinsa ake zuba ta, wannan mai surutun da ke ba shi shawara, ko a bakin wata kaka da aka mayar marar kunya don a yi dariya. Ki nemi hirarsu uku ki saurara daga farko har ƙarshe. Fassara tana iya ragewa, tana iya ƙarawa. Wani mai fassarar yakan lulluɓe mummunar magana, wani kuwa sai ya ɗauko sarar samarin birni mai harshen damo ya ɗora a inda asalin fim ɗin bai ce komai ba. Maganar da a Indiyanci za ta wuce ta saman kan yaro, yanzu ga ta da Hausar da zai maimaita gobe a bakin rijiya. Idan kina da lokaci, ki kalle shi gaba ɗaya da gudu ɗaya da rabi a manhajar kallo ta VLC, zai ƙare a minti 100 kuma magana tana fita sarai.

In akwai mai jin Turanci a gidan, shafin bayanan fina-finai na IMDb yana da sashen iyaye ga fina-finai da yawa, an kasa shi biyar: tsiraici, tashin hankali, ashar, kayan maye, da ban tsoro. A karanta jerin abin da ya faru, kada a tsaya a kan makin da suka bayar, don abin da mai rubutun ya kira kaɗan a wurinmu ba kaɗan ba ne. Cikas ɗin shi ne masu fassara kan raɗa wa fim sabon suna na Hausa, sai an nemo na asali ta sunan jarumin.

Yanzu ga abin da ya fi tsiraici wuyar gani. Dariyar wannan irin fim da itace uku ake hura ta. Akwai tuntuɓen al'ada: baƙuwa ta ci yaji tana hawaye, ta ɗaura zanensu ya kwance a gaban mutane, ta miƙa wa suruki hannu maimakon ta rusuna. Wannan yawanci ba shi da illa, har ma yana koya wa yaro cewa abin da ya ɗauka kowa ya sani koyonsa ake yi. Akwai harshen damon da muka ambata. Sai na uku, wanda shi ne ƙashin bayan labarin: yi wa iyaye ƙarya. Ya ɓoye ta a ɗaki, ya ce abokiyar karatunsa ce, ƙannensa suna tsaron ƙofa, uwa ta shigo ta fita ba ta gane ba, 'yan kallo suna ƙyaƙyatawa. Ki duba minti 15 na ƙarshe ki ga yadda aka biya bashin ƙaryar nan. Ya durƙusa ya nemi gafara, ta jawo masa asara? Ko kuwa uwar ce aka mayar abar dariya har ta zo tana ba shi haƙuri? Ba muna cewa iyaye ba sa kuskure ba. Fim ɗin da ya nuna uwa ta ajiye ƙabilanci bayan ta ga halin yarinya ya koyar da abu mai kyau, kuma muna da irin waɗannan uwayen a garuruwanmu da ya kamata su gani. Amma wanda ya nuna cewa ƙarya dabara ce, kuma duk mai cewa a'a tsohon yayi ne, ko da 'yan wasansa da hijabi har ƙasa suka fito, bai dace da yaro ba.

Ƙaramin naki ki ba shi wani abin. Ba zai bi labarin ba, rawar kawai zai ɗauka, faɗan uwa da ɗa kuma yana iya tsorata shi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada zamansa gaban allo ya wuce awa ɗaya a yini. Wanda bai daɗe da fita wannan sahun ba, awa biyu da rabi ta yi masa yawa. Mai shekara 9, idan fim ɗin ya tsallake binciken nan, yana iya gani kina zaune, a kwana biyu, waƙoƙi a tsallake.

Babbar ce abin lura, kuma a nan iyaye da yawa suke juya lissafi, su kori ƙanana su bar ta wai ta yi hankali. Ɗan shekara 5 ya ga sumba zai ce ƙazanta ya kau da kai. 'Yar shekara 13 karatu take ɗauka: yadda ake kallo, yadda ake ɓoye waya, yadda ake amsa wa uwa. In za ta gani, ku gani tare, ki bar ta ta faɗi ra'ayinta kafin ki faɗi naki. Kuma ki raba mata abu biyu da fim ɗin zai cakuɗa. Bambancin ƙabila bai hana aure a Musulunci ba. Bambancin addini kuwa yana da hukuncinsa, yana nan a aya ta 221 ta Suratul Baƙara da aya ta 5 ta Suratul Ma'ida, malamarsu ta Islamiyya za ta warware mata. Fim ɗin shi biki biyu zai yi, ɗaya a coci ɗaya a gaban wuta, ya rufe labari, ba zai nuna ranar da za a yi gardamar addinin 'ya'ya ba.

Tambaya: Ni malamin firamare ne. Tun da wani fim ya zaga gari, na wata Bayarabiya da ta auri Bahaushe, 'yan ajina ba su da aiki sai kwaikwayon bakinta. Har ɗan bautar ƙasar da aka turo mana suke bi suna yi wa. Wasu kuma suna haɗa tafin hannu suna waƙar Indiya. Ina zan ɓullo wa abin?
Wani malami daga yankin Ringim, Jihar Jigawa.

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Abu biyu ka kawo, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Tsokanar ƙabila ba baƙuwarmu ba ce. Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarabawa, Kanawa da Zagezagi, taubasai, jika da kaka, duk wasa ne da aka gada. Amma wasan yana da sharaɗi: an san juna, kowa yana ramawa, kuma in ɗaya ya shiga uku ɗayan ne zai fara kawo masa ɗauki. Da wannan za ka auna fim. Ka ƙirga sau nawa aka yi dariyar amaryar, sau nawa aka yi ta dangin ango. Idan ita ta kasa tuƙa tuwo, shi ma ya je garinsu ya kasa gaisuwarsu aka yi masa dariya, wasan taubasai ne. Idan ita kaɗai ce kullum wawuya, mai ƙarar murya, mai son kuɗi, su kuma masu hankali, to ba wasa ba ne, cin fuska ne aka sa wa kiɗa. Yaro ɗan shekara 8 ko 10 bai iya raba “wannan matar” da “duk irin mutanen nan” ba. Shi ya sa daga allo suka wuce kai tsaye kan baƙonku, wanda shi kaɗai ne a gari, ba shi da wanda zai rama masa.

Bulala za ta kashe abin a aji ta bar shi a hanyar gida. Ka ware minti 20. Ka tambaye su waye babansa ko yayansa yake zuwa cirani Legas ko Fatakwal. Hannuwa za su tashi da yawa. Ka ce su faɗa maka yadda suke zaton yaran can suke kwaikwayon Turancinsa in yana ciniki. Ka bari shirun ya ɗan zauna. Sannan ka karanta musu aya ta 11 ta Suratul Hujurat, wadda ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, da ta 13, wadda ta ce an yi mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna. In baƙon ya yarda, ka gayyato shi ya koya musu gaisuwar safe da yarensu. Za su karya harshe, zai yi dariya, su ma su yi. An rama ke nan, wasan ya koma kan ƙa'ida.

Ka kuma sa ido a kan tsokana biyu da ba a cika lura da su ba don mu suke sara. Ɗaya ta launin fata: a fina-finan Indiya da yawa jaruma fara ce sol, baƙi kuma shi ne bawan gida ko abin dariya. Yarinyar da ta sha wannan tun tana aji uku, ba abin mamaki ba ne in ta tasa ta nemi man bilicin. Ɗayar ta baƙauye, wanda namu na gida ma sun ƙware a kanta: ya shigo birni yana tsoron fanka. 'Yan ajinka 'yan ƙauye ne, kansu suke yi wa dariya ba su sani ba.

Maganar haɗa hannu kuwa, ka raba musu al'ada da ibada. Haɗa tafin hannu ga mutum, ko taɓa ƙafar babba, gaisuwar Indiyawa ce, kamar yadda muke durƙusawa. Ibada tana da alamominta: an cire takalmi, ana kaɗa ƙararrawa, ga gunki da furanni a wuyansa, ana juya faranti mai wuta a gabansa. Waƙar da aka rera a irin wannan wuri yabon abin bautarsu ce, kuma yaro zai haddace ta tsaf don daɗin karinta. Doka mai sauƙi ta ishe su: abin da ba ka san ma'anarsa ba kada ka rera. Ka haɗa musu da cewa ba ma yi, kuma ba ma zagi, don aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu suke bauta wa. Idan sun tambaye ka dalilin da uban amarya yake kukan kuɗin aure a fim, ka gaya musu a Indiya dangin mace aka saba su biya na miji, har gwamnatinsu ta haramta shi tun 1961 amma bai mutu ba. Ba sadaki ba ne.

Tambaya: Ni tare da iyalina nake kallo, rimot a hannuna. In an zo wurin banza sai in tura gaba. Hakan bai wadatar ba?
Wani magidanci daga Sumaila.

Amsa: Ya fi barin su su kaɗai nesa ba kusa ba, Alhaji, amma da gyara. In ba ka taɓa ganin fim ɗin ba, sai abin ya bayyana kake sanin ya zo, kafin yatsanka ya kai an riga an gani. Tura gaba da gudu kuma yana nuna hoton, sauri kawai ya ƙara masa. Kuma ka yi wa wurin alama da kanka: gobe kana gona, babban ɗanka ya san daidai inda zai koma. Ka riga su gani, ka rubuta mintunan a takarda, misali 47 zuwa 52, ka tsallake tun kafin a iso, kana faɗin “waƙa ce, mu wuce” ba tare da ka canza fuska ba. In takardar ta haura wuri huɗu ko biyar, fim ɗin ba na zaman iyali ba ne, a nemi wani. In an gama ka zare filashin ka sa a aljihu. A waya kuma ka lura, manhajar kallo takan zarce fayil na gaba da kanta, YouTube ma haka in ba a kashe masa ba, kuma na gaban ba kai ka zaɓa ba.

Tambaya: Ina da shagon caji da turin fina-finai. Yara suna zuwa da wayar iyayensu su ce a cika musu memori. Ba na son in ɗauki alhaki, kuma ba na son in kori ciniki.
Wani matashi daga Maigatari.

Amsa: Allah ya yi wa nema albarka, samari. Kalmar “cika min” ita ce tushen ɓarnar, don ita ke sa a kwashi folda ɗungurungum a juye. Ka raba kayanka gida uku a kwamfuta: na kowa, na kallo da iyaye, na manya. Fim ɗin soyayya mai ban dariya, in ba ka tabbatar ba, gida na biyu ne mazauninsa, ba na farko ba. Sabon da ya shigo ya zauna a wata folda ta daban har sai ka bi shi da binciken da muka faɗa wa Maman yara a sama. Kada ka bari sai ranar Alhamis kasuwa ta cika ana layi, a ranar ba ka da lokacin duba komai. Ka yi tun Talata ko Laraba. Ka ajiye ɗan littafi: suna, tsawo, gidan da ka sa shi, da mintunan da ke da matsala. Magidanci irin na Sumaila in ya san kana ba da wannan bayani, ba zai ƙara kai memorinsa wani shago ba.

Ka duba tallan da ke jikin kwafin, ba fim ɗin kaɗai ba. Kwafin da aka sauko da shi daga shafukan sata yakan zo da tambarin kamfanin caca a kusurwa, rubutu yana gudu a ƙasa, wani lokaci har murya ta katse fim a tsakiya tana kiran a zuba kuɗi. Wasu kwafin fassarar kuma suna buɗewa da tallan maganin maza ko kayan mata, da kalmomin da ba za ka iya maimaita su a gaban mahaifiyarka ba. Fim mai tsabta da irin wannan talla ya tashi daga gidan farko.

In za ka yanke da manhajar gyaran bidiyo, ka fara yankan daƙiƙa biyu ko uku kafin wurin, ka ƙare bayan an sauya fitowa. Kana gamawa ka duba ƙarshen fim ɗin ka ga ko baki da murya suna tafiya tare, don nan ne saɓanin yake fitowa in ya faru. Ka bar na asali da sunansa, ka sa wa yankakken alama, kada wata rana cikin sauri ka tura wanda ba shi ba. Amma in yankan ya yi yawa har labari ya rasa kai, yara za su gane an ɓoye wani abu su nemi cikakken a wurin abokai.

Yaron da ya zo da wayar babba ya nemi abin gida na biyu, ka ce mai wayar ya kira ka ko ya aiko da saƙo. Kuma kafin ka ɗora sabo a tsohon memori, musamman wanda aka sayo na hannu, ka leƙa foldar Xender da ta WhatsApp. Sau da yawa abin da ke kwance a can ya fi wanda ake tsoro.

Tambaya: Jikokina uku suna hannuna, ubansu yana cirani. Ni ba boko na yi ba. Na tarar sun riga sun kalli irin fim ɗin nan a cikin bargo da wayar da ya bar mana. Jikata ce ta rubuta min wannan.
Wata kaka daga wani ƙauye kusa da Bichi.

Amsa: Ranki ya daɗe, Hajiya Kaka, wannan aiki ba ya bukatar boko. Ki ce su kunna miki ku gani tare da rana a tsakar gida. Ma'auninki kin daɗe da shi: duk wurin da ba za ki iya ci gaba da kallo ba in da surukinki yana zaune a gefe, shi ne wurin. Su ma za ki ga sun fara sunkuyar da kai ko suna satar kallon fuskarki tun kafin a iso, don sun san abin da ke tafe.

Kada ki fara da duka, in kin doke su gobe ba za ki ji komai ba. Ki tambaye su ɗaya bayan ɗaya me ya fi ba shi dariya, wa ya fi burge shi. Wanda ya ce inda Baturiya ta ci yaji, bai ɗauki komai ba. Wanda ya kawo miki maganar abokin jarumi yana murmushi, ko wadda ta ce uwar ce muguwa, da shi za ki zauna. Daga yau wayar a ɗakinki za ta riƙa kwana, ki karɓe ta bayan sallar isha'i. Ki sa a nuna miki inda memorin yake, ɗan ƙaramin abu ne bai kai farcen babban yatsa ba. Ki zare shi ki ƙulle a bakin zane, wayar za ta ci gaba da karɓar kiran ubansu ba tare da shi ba. Ranar kasuwa ki ba wani babba da kika yarda da shi ya kai wa mai turi, a goge abin da ke ciki da wanda ke kan wayar kanta, a zubo musu wanda kika ce.